GARIN MINNA A MA'AUNIN MALAMAN ZAMANTAKEWA NA DA

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana yawo tsakanin ɗaliban jami'o'in ƙasar nan masu karatun ilmin zamantakewa, watau ilmin da ke binciken yadda 'yan Adam ke zama tare, da abin da ke haɗa kansu, da abin da ke wargaza su. Muhawarar kuwa ita ce, mene ne amfanin a tsare yaro shekara huɗu a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Lapai ana karantar da shi ra'ayoyin waɗansu malamai da suka mutu fiye da shekara ɗari da suka wuce, waɗanda ko sau ɗaya ba su taka ƙasar nan ba, alhali kuwa ga matsaloli jibge a ƙofar gida? Iyayen da ke biyan kuɗin makaranta ma sukan yi wannan tambaya, kuma suna da hakkin yin ta.

Irin wannan tambaya ba a amsa ta da fatar baki. Abin da ya fi dacewa shi ne a ɗauki gari guda, a ɗora shi bisa ma'aunin malaman nan, a ga ko ma'aunin zai nuna wani abu da ido bai gani ba. Garin da wannan fili ya zaɓa a wannan mako shi ne Minna, babban birnin Jihar Neja.

GARIN DA RELUWE YA RAINA

Asalin Minna ƙauyen Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna zaune bisa duwatsu suna noma a gindinsu. Abin da ya juya tarihin wurin shi ne hanyar jirgin ƙasa. A 1907 Turawan mulki suka fara shimfiɗa layi daga Baro, a bakin Kogin Kwara, suka nufi Kano, layin ya isa can a 1911. Bayan wannan aka haɗa shi da layin da ya taso daga Ikko ta Jebba da Zungeru, mahaɗar kuwa ta faɗo a Minna. Daga nan sai baƙi suka yi ta kwararowa: Hausawa 'yan kasuwa da mahauta, Nufawa masu sana'ar hannu, Yarabawa da Ibo akawuna da makanikai da direbobin jirgi, Fulani masu kawo shanu da nono. Garin ya zama hedkwatar Lardin Neja, sa'an nan ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, da Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar ƙirƙiro sababbin jihohi, aka yanki Jihar Neja daga Jihar Arewa Maso Yamma, Minna ta zama babban birninta. A 1983 aka kafa mata Jami'ar Fasaha ta Tarayya.

Abin lura a nan shi ne, irin wannan sauyi ne ya haifi ilmin zamantakewa a ƙasashen Turai. A ƙarni na 19 reluwe da masana'antu suka kwashe manoman Ingila da Faransa da Jamus daga ƙauyukansu suka zuba su cikin birane, inda maƙwabci bai san asalin maƙwabcinsa ba. Masu tunani na lokacin suka shiga tambayar kansu, me zai riƙe mutanen nan wuri ɗaya tun da yake dangi da sarauta da al'adar ƙauye sun saki? Wani Bafaranshe, Ogust Komt, shi ne ya raɗa wa wannan ilmi suna a shekarun 1830. To, tambayar da ta dame su ita ce tambayar da Minna ke fama da ita tun ran da jirgi ya fara busa a tasharta.

DURKAIM DA ZAMAN KARA-ZUBE

Emil Durkaim, mutumin Faransa, wanda ya rayu daga 1858 zuwa 1917, ya nuna a littafinsa na 1893 game da rabon aiki cewa haɗin kan jama'a iri biyu ne. Na farko shi ne haɗin kai na kamanni, irin na ƙauye, inda kowa manomi ne, kowa ya san kowa, abin da aka yarda da shi ɗaya ne, wanda ya kauce kuwa duk gari ne zai tsawata masa. Na biyu shi ne haɗin kai na bukatar juna, irin na birni, inda mahauci ke bukatar direba, direba ke bukatar makanike, makanike ke bukatar mai sayar da abinci, ko da yake harshensu da addininsu sun bambanta.

Ana ruwaito cewa sunan Minna kansa ya samo asali daga wata al'adar Gbagyi ta shekara-shekara, inda akan kashe wutar kowane gida, a kunna sabuwa a wuri guda, kowa ya ɗiba ya kai murhunsa. Da Durkaim ya ji wannan labari da ya ce ga hujjarsa, domin kuwa a littafinsa na 1912 ya yi bayanin cewa bukukuwa irin waɗannan aikinsu shi ne tuna wa jama'a cewa su abu ɗaya ne. Haka kuma gandu da gayya a ƙasar Hausa, da abin da Nufawa ke kira efako, watau noman gida na uba da 'ya'yansa da ƙannensa, duk misalai ne na haɗin kai na farko. Wani masani mai suna Nadel, wanda ya zauna a ƙasar Nufe a tsakiyar shekarun 1930 ya kuma buga littafinsa game da masarautar Bida a 1942, tun a lokacin ya lura efako ya fara tsagewa, saboda samari na neman kuɗin kansu.

Wanda ya shiga Kasuwar Kure da hantsi zai ga haɗin kai na biyu da idonsa. Doyar Gbagyi ce a motar Bayarabe, dillali Bahaushe ne, mai saye kuma ya zo daga kudu. Ba wanda ya tilasta musu zama tare sai bukata.

Amma Durkaim ya yi gargaɗi. Ya ce idan sauyi ya zo da gaggawa, tsohuwar igiya takan tsinke kafin a gama tufka sabuwa, sai a sami mutane a tsakani, ba su ƙarƙashin ƙa'idar ƙauye, ba su kuma shiga ta birni ba. Wannan hali shi ne Bahaushe ke kira zaman kara-zube. A bincikensa na 1897 game da masu kashe kansu, ya gano cewa adadinsu kan ƙaru a lokacin karayar arziki, ya kuma ƙaru a lokacin da arziki ya bunƙasa farat ɗaya, domin a duka halin biyu mutum yakan rasa sanin iyakar abin da ya kamata ya yi buri.

To, a dubi faɗace-faɗacen 'yan daba da suka addabi Minna a 'yan shekarun nan, inda samarin wata unguwa ke ɗaukar adda da wuƙa su auka wa na wata, ana yawan ambaton Limawa da Unguwar Daji da Maitumbi da Kpakungu da Barkin Sale a labaran. Abin ya kai ga a watan Afrilu na 2025 Gwamna Muhammad Umaru Bago ya hana masu babur da masu keke mai ƙafa uku aiki a cikin garin daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Galibin mutane sukan ce lalacewar tarbiyya ce, ko shaye-shaye, su tsaya nan. Ɗalibin Durkaim zai ƙara tambaya: yaron nan a wace ƙungiya yake? Ba ya gandu, domin gidansu ba gona. Ba ya gaban wani maigida yana koyon sana'a. Makaranta ta sallame shi, ofis bai karɓe shi ba. Daba ce kaɗai ta ba shi suna da matsayi da abokan da za su tsaya masa. Watau abin da yake nema a daba shi ne abin da kakansa ya samu a gayya. Wannan bai wanke shi daga laifi ba, sai dai ya nuna cewa kame da ɗauri za su rage masu laifin yau, ba za su rufe ƙofar da na gobe ke shigowa ba.

MARKIS DA TAMBAYAR MAI ABU

Kal Markis, Bajamushe, an haife shi a 1818 ya mutu a London a 1883. Sunansa ya yi tashe a jami'o'in ƙasar nan a shekarun 1970 da 1980, musamman a Zariya, sa'an nan ya dushe bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Ba dole ne mutum ya yarda da aƙidarsa ta siyasa ba, balle ra'ayinsa game da addini, kafin ya amfana da tambayar da ya koya wa duniya: a kowace harka, wane ne mai kayan aiki, wane ne mai yin aikin, kuma ribar aljihun wa take shiga?

Tarihin reluwen Minna ya amsa wannan tambaya tun da wuri. Ba da son ransu mutane da yawa suka yi aikin shimfiɗa layin ba, sarakuna da dagatai aka ɗora wa nauyin kawo leburori daga ƙauyuka. A 1909, lokacin da ake tsananta wannan nema, mutanen Gussoro a ƙasar Kuta suka yi bore har suka kashe wani jami'in Bature da waɗansu 'yan sandansa, aka kuma aika musu da soja. Markis ya taɓa rubutawa a wata jaridar Amurka a 1853 cewa reluwen da Ingilishi za su shimfiɗa a Indiya zai jawo masana'antu na zamani. A Minna dai jirgi ya kwashi gyaɗa da auduga da kaɗanya da fatu ya kai bakin teku, masana'antun kuwa suna can Ingila. Amma reluwen ya haifi abu guda da Markis ya yi hasashe, watau ƙungiyar 'yan ƙwadago. Ma'aikatan jirgin ƙasa, a ƙarƙashin jagorancin Michael Imoudu, su ne ƙashin bayan babban yajin aikin 1945 wanda ya girgiza mulkin Turawa.

A yau tambayar tana nan da ƙarfinta. Jihar Neja ce mai madatsun ruwa na Kainji, wanda aka gama a 1968, da Jebba, da Shiroro na 1990, da kuma Zungeru, har ana yi mata kirari da jihar lantarki, amma mai walda da tela a Minna sun san kuɗin man janareto sarai. Ana haƙar zinariya a ƙasar Shiroro da Rafi, amma abin da ya rage wa ƙauyukan shi ne irin gubar dalmar da ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi a 2015, da irin ramin da ya rufta da mahaƙa a Galadima Kogo a watan Yuni na 2024. Mai tuƙa keke mai ƙafa uku yakan fita tun asuba, ya fara tara kuɗin da zai kai wa mai keken, sa'an nan na mai, sa'an nan na ƙungiya da na hukuma, abin da ya ragu shi ne na cefane. In ya yi gardama, akwai samari goma a bakin titi masu jiran makullin. Markis ya yi bayanin wannan a babban littafinsa na 1867 game da jari, inda ya nuna cewa tarin majiya ƙarfi marasa aiki shi ne ke danne ladan masu aikin.

Ran Litinin 5 ga watan Fabrairu, 2024, watanni takwas bayan janye tallafin man fetur, mata da matasa suka tare hanyar Minna zuwa Bida a shataletalen Kpakungu suna kukan tsadar abinci, har 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Masu zanga-zangar nan ba harshe ɗaya suke yi ba, ba kuma masallaci ko coci ɗaya suke zuwa ba. Farashin mudu ne ya haɗa su. Duk wanda ke cewa ƙabila da addini ne kaɗai ke motsa 'yan Nijeriya, ya kamata ya sake nazarin abin da ya faru a wannan rana.

WEBA DA MULKIN OFIS

Maks Weba, shi ma Bajamushe, ya rayu daga 1864 zuwa 1920. Ya tambaya, me ya sa mutane ke yi wa mai mulki biyayya da yardar ransu? Ya ce dalilan uku ne: ko don gado da al'ada, ko don kwarjini da baiwar wani mutum, ko don doka da aka rubuta wadda ta ba ofis iko, kowa ya hau kujerar. Ya ce zamani na tafiya ne zuwa ga na ukun, inda ake ɗaukar ma'aikaci bisa takardar shaidar ilminsa, a biya shi albashi, a rubuta kome cikin fayil, a kuma raba dukiyar ofis da aljihun mai riƙe da shi.

Ƙasar nan ta bi wannan hanya a kan takarda. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e ɗungum, dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filaye a hannun gwamna. Minna kanta ta zama garin ma'aikata, inda kasuwa ke cika in an biya albashi, ta yi sanyi in an yi jinkiri. Duk da haka, in rigima ta tashi a unguwa, ƙofar mai unguwa ake fara bugawa, in ta yi tsanani a nufi fadar Sarkin Minna, Alhaji Umaru Faruk Bahago. Masu neman mulkin ƙasa kuma ba su daina hawa tudun nan na Minna ba don gai da tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar, waɗanda ba su riƙe da wani ofis yau shekaru da dama. Watau iri ukun nan na Weba suna zaune tare a gari ɗaya, kuma wanda aka ɗora wa alhakin zaman lafiyar unguwa shi ne wanda doka ta bari hannu wofi.

Wani masanin ƙasar nan, Farfesa Peter Ekeh na Jami'ar Ibadan, ya ɗora a kan wannan a 1975. Ya nuna cewa mulkin mallaka ya bar wa ɗan Afirka zaure biyu: zauren dangi da ƙabila, inda yake jin kunya yake kuma riƙon amana, da zauren gwamnati, inda yake ganin dukiyar ba ta kowa ba ce. Mutumin da ba zai taɓa kwabo na adashi ko na ƙungiyar garinsu ba, shi ne zai kwashi na ofis ya kai gida a yi masa kirari. Duk mai neman fahimtar dalilin da ya sa fayil ba ya motsi sai da sanayya, to, ya fara daga nan.

Akwai kuma ma'anar da Weba ya ba hukuma a wata lacca ta 1919, cewa ita ce kaɗai aka yarda ta yi amfani da ƙarfin makami a cikin iyakarta. A auna wannan da abin da ya sami Jihar Neja. Ran 17 ga watan Fabrairu, 2021, aka sace ɗalibai 27 tare da malamansu daga makarantar sakandaren Kagara. Ran 30 ga watan Mayu na shekarar aka kwashe yara fiye da ɗari daga wata Islamiyya a Tegina, suka shafe kusan wata uku a daji. A watan Afrilu na wannan shekara Gwamna Abubakar Sani Bello ya faɗa da bakinsa, a gaban 'yan gudun hijirar da suka cika wata makarantar firamare a Minna, cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure ta ƙasar Shiroro. Inda manomi ke biyan ɗan bindiga kuɗi kafin ya girbe gonarsa, to, a ma'aunin Weba akwai hukuma biyu a wurin, kowace iri ce tutar da ke bisa sakatariya.

IBN HALDUN, WANDA YA RIGA SU

Masu cewa wannan ilmi kayan Turawa ne sun manta da Abdurrahman Ibn Haldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406. A 1377, kimanin shekara 500 kafin Durkaim, ya rubuta Muƙaddima, inda ya kafa abin da ya kira ilmin umran, watau ilmin zaman jama'a da raya ƙasa. Ba baƙo ba ne ga Afirka ta Yamma, domin daga cikin abin da aka sani yau game da sarakunan Mali akwai da yawa da aka samo daga rubutunsa.

Jigon ra'ayinsa shi ne asabiyya, watau ƙarfin zumunci da ke sa mutane su tsaya wa juna har mutuwa. Ya ce wannan ƙarfi ya fi kauri a wurin mutanen daji masu shan wahala, yakan kuma narke a birni inda aka saba da daɗi aka bar tsaro a hannun sojan haya. Ya ƙiyasta cewa daula takan yi tsawon zuriya uku, kimanin shekara 120, daga ƙarfi zuwa tsufa. Ya kuma lura cewa a farkon daula haraji kaɗan ne amma baitulmali a cike, a ƙarshenta kuwa haraji ya yi yawa abin da ake tarawa ya ragu, domin zalunci yakan kashe zuciyar mai nema, in zuciyar mai nema ta mutu kasuwa ta watse.

Babu wanda zai kwatanta ɓarayin daji da masu kafa daula, amma darasin yana nan: ƙungiya ƙarama mai haɗin kai takan rinjayi jama'a mai yawa wadda kowa ke ta kansa. Maganar haraji kuma ta shafi kowace mace mai tallar doya da ake yanka wa rasiɗi biyu ko uku kafin ta sayar da ƙwarya ɗaya.

INDA MA'AUNIN YA GAZA

Kada mai karatu ya ɗauka malaman nan ba su yi kuskure ba. Markis ya zaci ma'aikatan masana'antu za su yi ta yawa har su karɓe mulki, a Minna kuwa yawancin masu neman abinci ba su da maigidan da za su yi wa yajin aiki. Weba, a rubutunsa na 1904 zuwa 1905, ya danganta bunƙasar jari-hujja da tarbiyyar wata ɗariƙar Kirista ta Turai, saninsa game da Musulunci kuwa bai taka kara ya karya ba. Da ya san fataken goro masu zuwa Gwanja, da irin su Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955, da ya ga tsimi da riƙon amana da juya kuɗi a wata tarbiyyar dabam. Wani masani, Abner Cohen, ya nuna a 1969 yadda Hausawan Sabo a Ibadan suka riƙe cinikin shanu da goro ta hanyar amana da ɗariƙar Tijjaniyya. Durkaim ya zaci ƙabila za ta dushe a birni, ga shi kuwa jikan wanda ya zo Minna aikin reluwe yana iya shan wahala kafin ya sami takardar shaidar ɗan ƙasa. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, amma baƙon da ya shekara ɗari ya binne kakanninsa a gari, wane suna za a ba shi? Daular Sakkwato ma, wadda ta tashi a 1804 ta faɗi a 1903, shekarunta sun yi kusa da lissafin Ibn Haldun, sai dai bindigar Turawa ce ta kayar da ita, abin da lissafinsa bai ƙunsa ba.

Saboda haka laifin da ke akwai yana ga yadda ake karantarwa. Idan ɗalibi ya haddace sunaye da shekaru don cin jarrabawa, bai taɓa zama da mai unguwar Soje ko shugaban masu keke na Tunga ya yi musu tambaya ba, to, iyayensa sun yi gaskiya, an yi asarar kuɗi. Malaman nan kowannensu garinsa da zamaninsa ya duba, ya tattara hujja, ya auna. Gadon da suka bari shi ne wannan hanyar aiki.

ABIN YI

Akwai abubuwan da hukuma za ta iya ɗauka daga wannan nazari ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Durkaim da kansa ya ba da shawarar a farfaɗo da ƙungiyoyin sana'a su zama sabon dangi ga mutumin birni. Ƙasar nan ba ta bukatar aro a wannan fanni, domin tana da Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Aska da shugabannin makanikai da teloli da kafintoci. Idan aka ba su tallafi da amincewar hukuma bisa sharaɗin kowane maigida ya riƙe yara kaza, ya san kwanansu da tashinsu, aka kuma ba yaran takardar shaida in sun ƙware, za a janye wa daba ma'aikata fiye da yadda motar 'yan sanda za ta iya kwashewa. Masu unguwanni kuma a rubuta musu aikinsu cikin doka, a ba su alawus da za su rayu a kai, tun da yake su ake tasa da tsakar dare.

Har ila yau, 'yan gudun hijirar Shiroro da Munya da Rafi da suka watsu cikin unguwannin Minna da Kuta da Gwada, kada a ɗauke su baƙin kwana biyu. Yaron da aka fitar daga ƙauyensu yana shekara bakwai a 2021, in ba a sa shi makaranta ko sana'a ba, kafin a farga ya isa ɗaukar adda. Sa'an nan ya kamata jami'o'in jihar su tura ɗalibansu unguwa-unguwa su ƙidaya samarin da ba sa makaranta ba sa sana'a, su gano shekarunsu da inda iyayensu suka fito, su miƙa wa majalisar dokoki sakamakon cikin harshen da talaka zai fahimta, Hausa da Nufanci da Gbagyi. Sai an san girman rami kafin a san yawan ƙasar da za ta cike shi.

Abin da aka faɗa game da Minna ya shafi Kaduna da Kafanchan da Gusau da Nguru, da duk garin da jirgi ya tara wa baƙi sa'an nan ya bar su su san yadda za su zauna da juna. Allah ya ba shugabanni ikon sauraro, ya kuma zaunar da ƙasa lafiya, amin.